Barewa Ba Ta San Niyyarka Ba

  

Yau zan fara da wata sana'a da ba na jin akwai uban da ya taɓa yi wa ɗansa fatanta. Sana'ar tsintar kashin barewa.

Kada ku yi dariya tukuna. A ƙasashen sanyi akwai manyan malaman jami'a da ke sammako, su shiga daji cikin dusar ƙanƙara, suna bin sawun barewa. Ba bindiga a hannunsu, ba kare a bayansu. 'Yar leda ce kawai da safar hannu. In suka tarar da sabon kashi, irin 'yan dunƙule-dunƙulen nan kamar na awaki, sai su kwashe, su rubuta wuri da rana, su kai ɗakin gwaji. Mu Hausawa mun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, fuskar barewa ba ta faɗin komai. Su waɗannan malamai kashinta suke tambaya. Kuma yana ba su amsa.

Abin da yake gaya musu shi ne zancenmu na yau. Ga shi a taƙaice: barewa ba ta san niyyarka ba. Ko bindiga ka riƙo, ko wayar ɗaukar hoto, ko kuwa iska kawai ka fito sha, tsoron da za ta ji ɗaya ne. Kuma wannan tsoro ba kyauta ba ne. Da jikinta take biya.

Kafin mu yi nisa, bari in gyara wata kalma. Barewar da nake nufi ba irin tamu ta Sahel ba ce, mai siririn ƙaho biyu. Ina nufin 'yar uwarta ta Turai da Amurka da Asiya, wadda ƙahon namijinta ke yin rassa kamar busasshiyar bishiya. Ƙahon nan faɗuwa yake yi duk shekara, wani ya tsiro. Akwai ƙanana, da ba su fi akuya ba. Akwai jar barewa ta Turai, mai girman maraƙi. Akwai kuma babba ta Amurka da Kanada, wadda suke kira elk, namijinta ya kusa kai doki. Ba mu da sunan kowace a Hausa, don haka barewa zan kira su duka.

To, me ke faruwa a jikin barewa in ta firgita?

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu. Mu ma muna da shi. Da zarar kunne ya ji motsi, ko hanci ya shaƙi warin mutum, ƙwaƙwalwa takan aika masa saƙo. Nan take sai ya zuba wani sinadari a jini, ana kiran sa adirenalin. Zuciya ta hau dukan uku-uku. Numfashi ya ƙaru. Jini ya bar ciki ya koma ƙafafu. Bayan 'yan mintoci sai wani sinadarin ya biyo baya, shi kuma sunansa kotizol. Aikinsa ya buɗe ma'ajiyar jiki, ya fito da sukari da kitse, ya ce ga mai nan, a ƙona a gudu.

Wannan baiwa ce daga Allah. Ba don ita ba, da tuni namun daji sun cinye barewa sun ƙare. Amma an tsara abin ne don gudu na ɗan lokaci. A gudu, a tsira, a huta, jiki ya koma daidai. Matsalar tana zuwa ne in abin ya zama na kullum. Kotizol in ya daɗe a jini yakan rage ƙarfin garkuwar jiki. Yakan taɓa narkewar abinci. Yakan taɓa haihuwa. Jikin da kullum ke cikin shirin gudu ba ya samun sukunin gyara kansa.

Mun san wannan ko ba mu je makaranta ba. Ku tambayi Bafulatana mai tatsa. In kare ya razana saniya, ko baƙo ya yi mata tsawa, sai ta riƙe nono, ka yi ta ja babu ko ɗigo. Ku tambayi mahauci. Dabbar da aka wahalar kafin yanka, namanta yakan yi duhu, kuma ba ya jimawa yake lalacewa. Abu ɗaya ne ke aiki a jikin barewa.

Shi kotizol ɗin nan, bayan ya gama aikinsa, hanta takan sarrafa shi, ragowarsa ta fita cikin kashi bayan sa'o'i da dama. Kun ga hikimar masu leda ke nan. In da za su kama barewa su ɗebi jininta, kamun kansa zai tayar mata da hankali, awon ya lalace. Amma kashin da ta bari yau, labarin jiya yake ɗauke da shi, ita kuwa ba ta ma san an zo ba.

Yanzu bari mu je Amurka, gandun dajin Yellowstone. Tsohon gandu ne, tun 1872 aka keɓe shi. In sanyi ya sauka, dusar ƙanƙara takan rufe hanyoyi, masu yawon buɗe ido su koma hawa wani irin babur da ke zamewa a kan ƙanƙara. Ƙara gare shi ba kaɗan ba. Wani malami mai suna Scott Creel, na jami'ar jihar Montana, da abokan aikinsa suka yi ta tsintar kashin elk a gandun. Suka ɗora abin da suka samu a kan lissafin baburan da ke shiga kowace rana. A 2002 suka fitar da sakamako. In babura suka yi yawa, sinadarin tsoro ya hau. In suka ragu, ya sauka. Kamar ma'auni.

Babu wanda ya harbi elk ɗin nan. Babu wanda ya jefe ta. Masu baburan ma don sha'awarta suka biya kuɗi suka zo. Amma barewa ba ta san niyyarka ba.

Sai dai adalci ya sa in faɗi sauran zancen. Shi Creel da kansa ya ce bai ga alamar yawan elk ɗin ya ragu saboda baburan ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mai sauraro zai iya cewa, to, ai gudu ne kawai. Barewa da gudu ai kamar kifi ne da iyo. Me ya yi zafi?

A nan nake so mu ɗan zauna, don nan ne gishirin zancen.

Ku tuna manomi a ƙarshen bazara. Rumbu ya yi ƙasa. Sabon hatsi bai zo ba, shuka ma ba a yi ba. Maigida mai hankali yakan rage awo. Tuwon dare ya ragu, ɗumamen safe ya ragu, a yi ta lallaɓawa har Allah ya kawo kaka. In a wannan lokaci baƙi suka yi ta sauka a gidan, yau biyar gobe goma, kowa da fara'arsa da kyakkyawar niyyarsa, ina rumbun zai kai?

Haka barewa take a lokacin sanyi. Ciyawa ta mutu, ƙanƙara ta binne ragowar. Rumbunta shi ne kitsen da ta tara a lokacin yalwa. Ba ta da wani. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani masani mai suna Walter Arnold da mutanensa sun sa wa jar barewa 'yan na'urori a jiki, suna auna bugun zuciya da ɗumin jiki dare da rana. Abin da suka gano ya ba mutane mamaki. A watan Mayu, lokacin yalwa, zuciyarta kan buga kusan sau 70 a minti ɗaya. A tsakiyar sanyi sai ta sauko wajen 40. A darare masu tsananin sanyi takan bar ƙafafunta da fatar jikinta su yi sanyi ƙalau, ta tattara ɗumi a ciki kawai. Kayan cikinta ma kan tsuke, tun da abincin ya ragu. Wato ta rage wutar murhu da gangan, don itacen ya kai ta.

Barewar da ka hango a tsaye cikin ƙanƙara, shiru kamar gunki, ba zaman banza take yi ba. Tattali take yi.

Sai ga mutum ya ɓullo daga bayan dutse, yana zamiyarsa a kan ƙanƙara, yana nishaɗi. Dole ta hura murhun nan da ta rage, a cikin ƙiftawar ido. Dole ta yi gudu da sandararrun ƙafafu, cikin dusar da ta kai mata ciki. Mutumin ya wuce, ƙila ma bai gan ta ba. Ita kuwa an ɗebe mata awon kwanaki. Kuma ba gudun ne kaɗai asara ba. Barewa mai tuƙa ce, kamar saniya da akuya. Tana bukatar ta kwanta ta natsu ta yi tuƙa, kafin abin da ta ci ya amfane ta. Wadda ake tayarwa a kai a kai ba ta kiwo yadda ya kamata, ba ta tuƙa yadda ya kamata. Kan da ke sama yana dube-dube, ba ya ƙasa yana cin ciyawa. A lardin Albata na Kanada an lura cewa ko mota ɗaya ce ke wucewa duk bayan awa biyu, ta isa ta sa elk ɗin da ke kusa da hanya ta ƙara zaman ɗar-ɗar.

In sanyin ya yi tsawo, sai a tsinci gawarta dab da fitowar sabuwar ciyawa. A ce yunwa ce ta kashe ta. E, yunwa ce. Amma wa ya taya ta cinye rumbun?

Mu juya wani ɓangaren. Tsakanin mutum da kyarkeci, wa barewa ta fi tsoro?

In ni aka tambaya a da, kyarkeci zan ce. Shi ne mai cin ta ɗanya. To, a ƙasar Polan an gwada. Masu bincike sun tsinci kashin barewa a dazuzzuka daban-daban. Wasu dazuzzukan akwai kyarketai da manyan kyanwoyin daji. Wasu babu su, sai hanyoyin mota da ƙauyuka da mafarauta. A 2018 aka wallafa abin da aka samu. Barewar da ke zaune da kyarketai ita ce ta fi kwanciyar hankali. Wadda ke maƙwabtaka da mu ita ce sinadarin tsoronta ya fi yawa.

Jama'a, wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne a gare mu.

A jihar Jojiya ta Amurka kuma wata dabara aka yi. Aka ɗaura lasifika da kyamara a inda barewa ke zuwa cin abinci. In ta iso, lasifikar ta saki murya. Wani lokaci kukan kyarkeci. Wani lokaci haushin kare. Wani lokaci gurnanin damisar ƙasar. Wani lokaci kuma muryar mutane suna hira, hira kawai, ba ihu ba tsawa. Muryar da ta fi korar barewa ita ce ta masu hirar. Ta kusa ninka sauran. A nan nahiyarmu ma an maimaita gwajin, a yankin gandun Kruger na Afirka ta Kudu, a bakin tafkunan da namun daji ke shan ruwa. Sakamakon ya fito a 2023. Muryar ɗan Adam ta fi gurnanin zaki watsa taro. Ta ma fi ƙarar bindiga.

Ni ban ga laifinsu ba. Kyarkeci yana da lokacinsa, yana da hanyarsa. In ya ci ya ƙoshi sai ya kwanta. Barewa ta yi dubban shekaru tana karantarsa. Mu fa? Muna kashewa daga nesa, ba tare da an gan mu ba. Muna zuwa da rana, muna zuwa da dare da fitila. Yau mutum ya zo da biskit, gobe wani mai kama da shi ya zo da harsashi. Dabbar da ta tsaya tantance wane ne wane, ba ta daɗe a duniya ba. Waɗanda suka rage jikokin masu gudu ne.

Tun da an ambaci farauta, bari mu leƙa Ingila. A kudu maso yammacin ƙasar, wuraren Exmoor da tsaunukan Quantock, an daɗe da al'adar farautar jar barewa da garken karnuka, mafarauta na biye a kan dawakai. Aka yi ta gardama. Masu al'adar suka ce ai haka kyarkeci yake korar ta tun fil'azal, babu wani sabon abu. Sai wata babbar ƙungiya mai kula da filaye da gidajen tarihi, National Trust, ta ɗauko Farfesa Patrick Bateson na jami'ar Kambirij, ta ce ya duba mata gaskiyar lamarin. Ya auna jinin barewar da karnuka suka kora, ya gwada da na wadda aka harbe nan take ba tare da kora ba. Ya tarar korar kan ɗauki wajen awa 3, a kan tafiyar kilomita 19 ko kusa da haka. Jinin waɗanda aka kora ya nuna makamashin jiki ya ƙare ƙaf. Tsoka ta lalace. Ƙwayoyin jini sun farfashe. Kotizol ya kai maƙura. Hujjarsa ita ce, jikin jar barewa na ɗan gajeren gudu ne, kyarkeci ba ya bin ta awa uku.

Rahoton ya fito a 1997, kuma nan da nan ƙungiyar ta hana irin wannan farauta a filayenta. Mafarauta ba su yarda ba, har suka sa aka yi wani binciken. Amma a 2004 majalisar ƙasar ta yi dokar hana farauta da garken karnuka a Ingila da Wales.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne waɗanda suka kuɓuta. Mafarauci zai ce ta tsere, Allah ya yi da sauran kwananta. Amma likitocin dabbobi sun san wani ciwo da ke kama naman daji bayan doguwar kora. Tsoka ta narke, dattinta ya toshe ƙoda. Dabbar ta tsira yau, bayan kwana biyu ko uku ta faɗi a inda babu mai gani. Mu da muke da farautar rani, da karnuka da gangi da ƙona daji, ya kamata wannan ya shiga lissafinmu. Abin da aka rataya a kafaɗa aka dawo da shi gida ba shi ne duka abin da aka kashe ba.

Yanzu kuma zancen 'ya'ya.

Mu Hausawa mun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, in ya girma. Amma a kwanakinsa na farko, ɗan barewa ba gudu yake yi ba. Kwanciya yake yi. Uwar takan ɓoye shi a cikin ciyawa, ya lafe kamar ba rai, ita ta koma gefe tana kiwo. Lokaci-lokaci ta dawo ta ba shi nono. Duk tsaronsa a wannan lafewar yake.

A jihar Kolorado, kusa da garin Vail, masu bincike daga jami'ar jihar sun yi wani gwaji a shekarun 1990. Suka sa wa matan elk abin wuya mai na'ura. Da lokacin haihuwa ya zo, sai suka riƙa aika mutane su tunkari wasu daga cikinsu da ƙafa, har sai sun tashi sun gudu. Iyakar abin ke nan. Ba duka, ba jifa. Kwaikwayon mai yawon shan iska kawai. Da aka zo ƙirga 'ya'yan da suka rayu, na iyayen da aka riƙa tayarwa sun ragu ƙwarai. Da aka daina tayar da su a shekarun da suka biyo, haihuwar ta farfaɗo.

Kun tuna na ce ku riƙe zancen Creel? A Yellowstone tsoro ya hau, garke bai ragu ba. A Kolorado garke ya taɓu. Darasin da na ɗauka shi ne, ba kowace tayarwa ce ke kisa ba. Abin ya danganta da lokaci, da wuri, da yawan maimaitawa. Tsakiyar sanyi da lokacin haihuwa, nan ne igiyar ta fi siriri.

Na san akwai mai sauraron da tun ɗazu yake so ya katse ni. Zai ce, malam, ni na ga hoton barewa a Japan tana cin biskit a hannun yara. Ina tsoron yake?

Tambaya ce mai kyau. A birnin Nara akwai barewa fiye da 1,000 da ke yawo cikin mutane. Ɗaruruwan shekaru ke nan ana kare su, saboda matsayin da suke da shi a addinin gargajiyar wurin. A Landan ma, a gandun Richmond, akwai wajen 600, mutane na wucewa ta gabansu kullum. Barewa takan saba. Wannan gaskiya ne.

Amma sabo iri biyu ne. Akwai sabo da abin da aka san lokacinsa da hanyarsa. Mutanen da ke bin turba ɗaya kullum, ba sa kaucewa, barewa takan gane iyakarsu, ta ja daidai nisan da ya yi mata, ta ci gaba da kiwonta. A wani tsibiri na jihar Yuta an gwada haka. Mai tafiya a kan turba bai kai wanda ya ratsa daji tayar da barewa ba. Wani abin dariya a wannan binciken, da aka tambayi masu yawon, kusan rabinsu cewa suka yi su ba sa damun dabbobin da komai. Masu tafiya a ƙasa suka ce masu keke ne. Masu keke suka nuna wasu. Laifi tudu ne.

Sabo na biyu kuwa shi ne wanda muka ce turken wawa. Barewar da ta koyi roƙo a hannun mutane takan ci abin da cikinta bai san shi ba. A Nara, a 2019, an yi ta samun matattun barewa da leda cunkushe a tumbinsu. Ɗaya an ciro mata fiye da kilo 4. Mu da muke ganin abin da leda ke yi wa tumakinmu ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Waɗanda ba su saba ba kuma, ba su da wurin gudu, sai su sauya lokaci. A 2018 an tattara bincike a kan nau'in dabbobi 62 daga nahiyoyi shida. Aka ga inda mutane suka yawaita, dabbobin sun koma harkar dare. Kuma abin lura, mai yawon shan iska da mafarauci kusan tasiri ɗaya suka yi. Mun ƙwace musu rana, sun koma aikin kwana. Barewa ba ta san niyyarka ba.

To, me ake yi a can? Abubuwa ne masu sauƙi, ba na biliyoyi ba. A ƙasar Suwizalan ana shata wasu yankunan tsaunuka a ce nan wurin hutun namun daji ne, a lokacin sanyi ba a shiga, ko kuma ba a sauka daga turba. A Richmond ana ce wa mutane su tsaya nesa da barewa da mita 50, kuma daga Mayu zuwa Yuli, lokacin haihuwa, dole kare ya kasance a ɗaure da igiya. A Yellowstone an ƙayyade yawan baburan, an kuma sa masu shiga su bi jagora. Ba a hana kowa kallo ba. An dai ce a bar wa dabbar lokacin da za ta san babu mai zuwa.

Bari in dawo gida kafin lokaci ya ƙure.

A gabashin Nijar, yankin Termit da Tin Tumma, akwai wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, dangin mariri, ana kiran ta adaks. Takan yi watanni ba ta sha ruwa ba. Hamada ba ta gagare ta ba. Amma ba ta da dogon gudu, in aka bi ta da mota cikin zafin rana, takan faɗi ta mutu don gajiya. An keɓe yankin a 2012. Duk da haka, da aka yi ƙidaya a 2016, guda 3 kacal aka gani. Masu kula da namun daji sun ɗora abin a kan farautar sata, da kai-komon motocin aikin man fetur a wuraren da a da babu mai ratsawa. Labarin barewar Turai ke nan, an sauya masa ƙanƙara da yashi.

Kuma wani abu da nake so alhazanmu su tuna. A Haramin Makka ba kashe naman daji kaɗai aka hana ba. Har firgita shi an hana. Malamai sun yi bayani cewa ko ka tayar da shi daga inuwa don kai ka zauna a wurin, ya shiga cikin hanin. Ni dai duk sanda na tuna masu tsintar kashi da ledojinsu da na'urorinsu, sai wannan hukunci ya faɗo mini a rai.

Saboda haka ga saƙona gare ku, 'yan uwa. Kai da za ka kai iyali Yankari hutun salla, in direba ya tsaya kusa da gwanki ko mazo, kada ka ce ya matsa don hoto ya fito. In dabba ta ɗaga kai ta daina kiwo tana kallonku, kun riga kun matso da yawa. A rage murya, a kashe kiɗa. Kai mai babur da ke ratsa daji, in barewa ta gifta, bar ta ta tafi, kada ka gwada gudu da ita. Yara masu kiwo, in kun tarar da ɗan gada ko ɗan barewa kwance shi kaɗai a gindin sabara, ba maraya ba ne. Uwarsa na nan kusa, tana jiran ku wuce. Ku kira karenku, ku kora awakinku, ku yi gaba. Ku kuma sarakunan dawa da shugabannin mafarauta, ku kuka fi kowa sanin watan da namun daji ke da ciki da watan da suke shayarwa. In kuka ce a ɗaga ƙafa a waɗannan watanni, babu yaron da zai saɓa.

Nan zan dakata.